Shekarar da Kawunku Ya Shiga Labule

Kun sha jin Kawunku Laminu yana faɗa, a wurin suna ko wurin ɗaurin aure, cewa ni ne na yi masa juyin mulki a Lyon. Yakan faɗa yana dariya, ku ma ku yi dariya, ni kuma in yi shiru, don ban iya gardama a cikin taro ba. To amma na lura ƙananan cikinku sun fara ɗaukar maganar da gaske, har Nana ta tambaye ni kwanan baya ko da bindiga aka yi. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda abin ya faru, gwargwadon abin da nake iya tunawa. Inda na yi kuskure, mamanku tana nan, kuma kun san ba za ta bari ya wuce ba.

Na sauka a Lyon don ƙaro karatun shari'a, da akwati ɗaya da rigar sanyin da ba ta tare komai. Ban san kowa ba, sai suna ɗaya da aka ba ni tun daga Damagaram: Kamarad Laminu, Bagobiri, shugaban ƙungiyar ɗalibai da ma'aikata 'yan ƙasarmu mazauna Lyon da Paris. Ya yi karatu a wata ƙasa ta gabashin Turai lokacin mulkin gurguzu, ya dawo daga can da hular gashi mai kunnuwa da kuma tabbacin cewa duniya duka can ta nufa. Da rana yana aiki a ma'ajiyar kayan wata masana'anta, a ranakun hutu kuma yana rubuta kundin digirinsa na dakta, wanda a iya sanina har yau bai kammala ba. Gidansa yana can saman wani dogon bene a unguwar Minguettes. Ran da na ƙwanƙwasa ƙofar, shi da kansa ya buɗe, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai ne yaron Damagaram? Daga yau sunanka Kamarad Isuhu. Ka ci abinci?"

"Ba ni da yunwa sosai, ranka ya daɗe."

"Babu ranka ya daɗe a gidan nan, an soke ta. Hadiza, zubo wa kamarad tuwo!"

Na zo ne da niyyar kwana biyu kafin in sami ɗaki, sai ga shi na shekara uku ina kwana a kan doguwar kujerar falonsa. A bangon falon akwai wani jan ƙyalle babba, tutar ƙungiya, mai zanen guduma da lauje. Kusa da shi hoton wani Bature mai gemu, wanda baƙi tsofaffi kan ɗauka wani shehi ne. A ƙarƙashinsu kuma sallaya, don kawunku bai taɓa wasa da salla ba, kuma bai ga wani karo a tsakanin abubuwan nan ba. Yakan ce gurguzu da zakka 'yan gida ɗaya ne. Matarsa, Yaya Hadiza, tana tuƙa tuwon simul, wato tsakin alkama, a tukunyar da za ta ciyar da unguwa, da miyar kukar da ake aiko mata daga gida. Sai ƙanwarsa Mariyama, mamanku, da ke karatun aikin jinya, wadda na yi wata uku ban iya ɗaga kai na dube ta ba.

Kada ku ɗauka kawunku azzalumi ne. Babu ɗan ƙasarmu da ya sauka a Lyon a shekarun nan bai ci tuwon gidansa ba. Shi ke raka mutum wajen neman takardar zama, shi ke nemo ɗaki, shi ke tsayawa idan an yi rasuwa har a kai gawa gida. Abin da kawai ba ya so shi ne a ce masa a'a. Kowace shekara a babban taro yakan yi jawabi har ƙafafun mutane su mutu, sannan a zo zaɓen shugaba. Sai ya ce wa ya yarda, hannuwa su tashi. Ya ce wa bai yarda ba, kowa ya dubi takalminsa. Yakan kira wannan muryar talakawa. Ni ma ina ɗaga hannu, ko da yake ba na ɗaga shi sosai, nakan tsayar da shi daidai kunne.

Sai aka rushe bangon Berlin. Muna zaune a falo muna kallo a talabijin, mutane suna farfasa shi da guduma irin ta jikin tutarmu. Kawunku ya cire hularsa ya ɗora a kan gwiwa. Yaya Hadiza ce ta fara magana.

"To Malam, tun da su sun rushe nasu, a sauke mini ƙyallen nan in share nawa bangon."

"Tarihi bai gama magana ba, Hadiza."

"Ƙura dai ta gama taruwa."

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa bi da bi. Ƙasar da ta ba shi hula ta sauya mulki. Can gida ma aka fara maganar jam'iyyu da yawa da babban taron ƙasa, kowa ya buga waya sai labarin siyasa. Kawunku ya yi wasu watanni ba ya cin abinci sosai, sannan wata safiya ya tashi da fara'a ya sanar da mu cewa shi dama tun farko ɗan dimokuraɗiyya ne, mutane ne ba su fahimce shi ba. Hoton mai gemu ya koma saman kabad. Jan ƙyallen dai ya ce a bar shi inda yake. Ina ganin, ko da yake ban shiga zuciyarsa ba, da gaske yake so ya sauya. Sai dai yana so ya sauya ya kuma ci gaba da zama a kan kujerarsa, kuma ban ce laifi ne mutum ya so haka ba.

Mutanenmu na Paris ne suka tayar da maganar zaɓe na gaskiya, na ƙuri'a a ambulof, kuma suka tsayar da Malam Habibu, Bakatsinen Maraɗi, mai koyar da lissafi a wata lakwal a Montreuil, gefen Paris. Shi da kawunku benci ɗaya suka zauna suna yara, ga kuma wasan taubasai da ke tsakanin Gobirawa da Katsinawa. Idan ya bugo waya, daga kicin ma ana jin muryarsa.

"Bagobiri, an ce iyayen gidanku sun rufe shago. Kai yaushe za ka rufe reshen Lyon?"

"Bakatsine, ka zo a yi zaɓen. Talakawa za su koya maka lissafi."

"Talakawan da kake zana musu lauje? Kai ka taɓa riƙe lauje a rayuwarka?"

Abu ɗaya suka kasa daidaitawa a kai, wato wanda zai riƙe akwatin zaɓe. Kowa aka ambata, ɗayan ya ce ɗan ɓangaren wane ne. Daga ƙarshe Malam Habibu ya ce a ba yaron nan na Damagaram, wai ya taɓa tambayata ko ana ruwa a Lyon na ce masa ya danganta da unguwa. Mutumin da bai iya ɗaukar ɓangare a kan ruwan sama ba, ba zai ɗauka a kan zaɓe ba. Kawunku ya yarda nan take, ina jin don a falonsa nake kwana. Ni ba wanda ya tambaye ni. Kuma ga abin da ya fi damuna: a watan nan ne na yi ƙarfin hali na aika wani dattijo ya yi wa kawunku maganar mamanku, tun da shi ne uba gare ta a ƙasar. Amsar da ya bayar ita ce a bari a wuce zaɓe. Ba na cewa barazana ce. Mai yiwuwa hidima ce ta yi masa yawa. Amma ni da kunnen mai tsoro na ji ta.

Na ɗauki aikin kamar jarrabawa. Na je na ga yadda Faransawa ke zaɓe a unguwarmu, na tsaya a gefe ina kallo har wani mai tsaron ƙofa ya tambaye ni ko na ɓata ne. Na ga kowa yana ɗaukar takardun 'yan takara duka, ya shiga wani ɗan lungu mai labule da suke kira izolwar, ya sa wadda yake so a ambulof, ya fito ya jefa. Bayan haka na hau jirgin ƙasa zuwa Paris don in yi wa mutanenmu bayani. Malam Habibu ya tarye ni a bakin metro, ya kai ni wani gidan ma'aikata a Montreuil inda 'yan ƙasarmu ke da ɗakuna. A can na haɗu da Baba Tanko, dattijo mai farin gemu da ya daɗe yana aikin gini. Ya bari sai da Habibu ya fita alwala, sannan ya jawo ni kusa.

"Yaro, in tambaye ka. Kamarad shi ya tsaya aka kai gawar ƙanena gida. Habibu kuma shi ya zauna da ɗana har ya ci jarrabawa. Kowannensu ya tako har ɗakin nan ya ce in zaɓe shi, kowanne na ce masa in sha Allahu. To ranar, ina zan sa idona?"

Na ce masa akwai labule, ba wanda zai gan shi. Ya yi ajiyar zuciya ya ce Allah ya yi wa wanda ya ƙago labule albarka, ko da kafiri ne Allah ya shirye shi. A hanyar komawa na gane ba shi kaɗai ba ne. A wurinmu, babba ba ya takowa ƙofarka ya roƙi abu ka ce masa a'a. Don haka kawunku yana da alkawarin kowa, Malam Habibu ma yana da alkawarin kowa, kuma kowannensu yana barci lafiya.

Ana sauran 'yan kwanaki, muna cin tuwo, kawunku ya ce ya yi nazari a kan tsarina kuma ya amince da shi, sai ɗan gyara kaɗan.

"Labulen nan naka, Kamarad Isuhu, a ajiye shi, ba laifi. Amma dimokuraɗiyya 'yanci ce, ba a tilasta wa mutum. Wanda ke da abin ɓoyewa ya shiga. Wanda zuciyarsa fara ce ya sa ƙuri'arsa a fili. Ko ba haka ba?"

"Akwai gaskiya a ciki," na ce. "Sai dai kuma, ta wani ɓangaren..."

"Madalla. Ƙara miya."

Maganar ta yi kyau a kunne, amma ina tauna tuwo ina ganin inda ta nufa. Idan shiga labule ganin dama ne, to duk wanda ya shiga ya riga ya faɗi wanda bai zaɓa ba. Wa zai ci tuwon Yaya Hadiza shekara da shekaru, sannan ya ɗaga labule a gaban idon mijinta? Hannu ne za a sake ɗagawa, sai dai wannan karon da ambulof a ciki. Na yi ta juya abin a raina. Na ce wa kaina ƙungiya ce ƙarama, ba ƙasa ba. Na ce wataƙila ma shi zai ci ko da labule. Na ce ni baƙo ne a gidansa. Duk hujjojin nan gaskiya ne, amma fuskar Baba Tanko ta ƙi barina. Washegari na raka mamanku tashar bas, abin da na saba yi ina cewa hanyarmu ɗaya, alhali makarantata tana wani gefen gari. Na zayyana mata komai, har da tsoron da nake yi a kan maganarmu.

"Malam Isuhu, ni ma fa ina da ƙuri'a," ta ce. "Kuma ina so in shiga labulen nan."

"Ke? To wa za ki zaɓa?"

Ta tsaya ta dube ni. "Ka gani? Kai ma ka fara. Idan kai mai akwatin kana tambaya, Yaya Laminu fa?"

Bas ya zo, ta sa ƙafa, ta juyo ta ce ita ba ta iya zama da mijin da zai shekara yana cewa ta wani ɓangaren ba. Ƙofa ta rufe. Wannan ne karo na farko da ta ambaci kalmar miji a gabana, kuma ban san ko murna zan yi ko kuka ba.

Ranar Lahadi aka yi zaɓen, bayan azahar, a wani zauren taro da muka ara a Rillieux-la-Pape, gefen Lyon. Mutanen Paris suka zo da babbar mota, da kulolin shinkafa da hayaniya. Na haɗa lungun zaɓe da sandunan rataye riguna a kusurwar zauren, sai na ga mayafin gadon da na kawo ya yi gajere, ana hango mutum daga ƙugu zuwa sama. Ina tsaye ina gumi sai ga Yaya Hadiza da wani abu a naɗe a cikin jaka. Jan ƙyallen ne. Ta ce ta sauke shi ne don wanki, kuma tun da ya bushe, gara ya yi wani amfani. Muka rataya shi, guduma da lauje suna kallon jama'a. Kawunku ya gani, ya buɗe baki, sai Malam Habibu ya riga shi da cewa yau dai an sama wa laujen Bagobiri aiki. Dariya ta hana shi magana.

'Yan takarar biyu suka zauna a gaba, ni kuma a bayan akwati. Aka fara da dattawa. Baba Tanko ya tako, ya ɗauki takardu biyun, ya dubi labule, ya dubi kawunku. Kawunku ya yi masa murmushi irin na wanda ya san gidan kowa.

"Baba, kai ai ba ka da abin ɓoyewa."

Tsohon ya ɗaga takardar kawunku sama yadda kowa zai gani, ya fara cusa ta a ambulof. A bayansa layi duka sun fara shirya tasu a hannu. Ban san lokacin da na yi ba, sai na ga tafin hannuna a kan bakin akwatin.

"Kamarad Isuhu, lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya. Sai dai a'a."

"A'a me?"

"Ambulof ɗin da bai bi ta labule ba, ba zai shiga akwatin nan ba. Na kowa."

"To dattijo ya ce ba ya so ya shiga. Za ka tura shi ne?"

Gaskiyarsa, ba zan iya tura Baba Tanko ba, kuma ba abin da na karanta a makarantar shari'a da ya zo mini a kai. Abin da ya zo mini shi ne falon Minguettes, da kwanon tuwo a tsakiya, mu duka mun wanke hannu muna jira. Na ce wa kawunku, da muryar da ni kaina da ƙyar nake ji, na yi kuskure da na fara da Baba. Shekara uku ina ci a gidansa, ban taɓa ganin wani ya sa hannu a kwano kafin shi ba. Shi ne shugaba, shi ne babba a ƙungiya, bai kamata kowa ya riga shi shiga ba. Mutane ba tsoro suke ji ba, jiransa suke yi.

Wani daga baya ya ce wallahi haka ne. Mata suka ɗauka, a bar shugaba ya fara. Kawunku ya dube ni, kallon da har yau nakan tuna idan na ga hular gashi. Ya gane sarai abin da na yi. Idan ya ƙi, ya ƙi girman da aka ba shi a gaban jama'a. Idan ya shiga, to shiga labule ta daina zama cin amana, tun da ba wanda zai ce Kamarad ya shiga ne don ya ƙi Kamarad.

"Ku ƙyale shi," in ji Malam Habibu. "Bagobiri ne, tsoron duhu yake yi. A kawo masa fitila."

Kawunku ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗauki takardu biyun, ya ɗaga jan ƙyallen ya shige. Ya daɗe a ciki. Ya daɗe har Yaya Hadiza ta ce ko jawabi yake yi wa bango. Da ya fito, ya jefa ambulof ɗinsa, ya koma kujerarsa bai dubi kowa ba. Malam Habibu ya bi bayansa. Sai Baba Tanko, wanda ya tsaya a bakin labulen, ya tuɓe takalmansa, ya yi sallama, ya ɗan jira ko za a amsa, sannan ya shiga. Daga nan kowa sai ya tuɓe takalmi ya yi sallama, har ɗalibai masu karatun dakta, kuma ban hana ba don ban ga dokar da ta hana ba. Wata baiwar Allah ta fito tana cewa tun da ta zo Faransa ba ta taɓa samun wurin da ba mai kiranta ba sai yau, a bar ta ta koma. Mamanku ta shiga, ta fito, ta jefa tata, ko kallona ba ta yi ba.

Aka ƙirga a gaban kowa. Na sake ƙirgawa, na kuma sakewa, har mutane suka fara tsaki. Malam Habibu ya ci, da ɗan bambanci kaɗan. Ni ne na faɗa, kuma ban ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Kawunku ya tashi, muka shirya wa dogon jawabi. Sai kawai ya cire hular gashin ya kifa ta a kan Malam Habibu, ya ce Paris ta fi Lyon sanyi, kuma kan Bakatsine ba kome a ciki, yana bukatar rufi. Suka rungume juna, aka yi tafi, aka buɗe kuloli. Na ce a raina ashe abin ya zo da sauƙi.

Bai zo da sauƙi ba. Ya yafe wa Habibu a wurin, ya yafe wa jama'a, ni ne bai yafe wa ba. Bai kore ni ba, bai ɗaga mini murya ba, ya dai daina yi mini magana kai tsaye. Muna zaune kwano ɗaya sai ya ce, Hadiza, ki gaya wa shugaban hukumar zaɓe ya miƙo yaji. Ita kuma ta ce, shugaban hukuma, ka ji. Da na ga abin ya ƙi ƙarewa na nemi ɗan ɗaki a Rillieux na koma, na yi damina da sanyi ina dafa taliya da kifin gwangwani. Maganar aure kuwa ba wanda ya sake tayar da ita. Mamanku takan bugo mini daga wayar kan titi ta ce in yi haƙuri, Yaya yana hucewa, jiya ma ya ambaci sunana, ko da yake ba da alheri ba. Ba zan ɓoye muku ba, a watannin nan na sha tambayar kaina ko labule ya kai wannan. Har yau wani lokaci nakan ce da akwai wata hanya mai taushi da ban gani ba.

Wata Asabar da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofata. Kawunku ne, kansa ba hula, da jaka a hannu. Ya shigo ya dubi tukunyar taliyata ya girgiza kai, ya zauna a bakin gado.

"Ka san tun ranar nan mutane suke zuwa gidana ɗaya bayan ɗaya? Kowa sai ya rantse ni ya zaɓa. Har mutanen Paris. Isuhu, idan duk wanda ya rantse ya zaɓe ni, to wa ya zaɓi Habibu? Aljanu?"

Na ce mai yiwuwa wasu sun manta. Ya yi dariya har da tari. Ya ce ya yanke shawarar komawa gida, mutanen garinsu suna so ya tsaya takarar depite, wato ɗan majalisa, kuma yanzu ya san in sha Allahu gaisuwa ce, ba ƙuri'a ba. Da bai faɗi a Rillieux ba, da can zai je ya faɗi a gaban dangi. Sannan ya buɗe jakar ya fito da jan ƙyallen.

"Ka san abin da ya tsayar da ni a ciki ran nan? Shekarun nan duka ta gaba nake ganinsa. Da na shiga sai na gan shi ta baya. Duk faci ne, Isuhu. Hadiza ce ke ɗinke shi ba ta gaya mini. Har da guntun tsohon zanenta a ciki." Ya ajiye shi a kan gwiwata. "Ka riƙe. Gidan sabon aure yana bukatar labule. Ka turo dattijon naka, kafin in tafi nake so a ɗaura."

Sauran kun sani. Ya ci depite, ya faɗi a zaɓe na gaba, ya yi fushin mako guda, ya sake tsayawa ya zama magajin gari, kuma duk lokacin da ya faɗi shi ke fara zuwa gaida wanda ya kayar da shi. Ana yaba masa a kan haka, yakan ce shi dama tun farko ɗan dimokuraɗiyya ne. Ni ba na musa masa. Jan ƙyallen shi ne wanda kuka tashi kuka ga an rufe keken ɗinkin mamanku da shi. Idan kuka juya shi za ku ga facin.

Abu ɗaya ne ban sani ba har yau. Da nake rubuta wannan babin na ce bari in cike shi, na tambaye ta, bayan duk shekarun nan da 'ya'ya da jikoki, wa ta zaɓa ranar nan, yayanta ko Malam Habibu. Tana tsintar shinkafa, ba ta ko ɗago ba.

"Malam, kai ne fa ka rataya labulen."